Furfurar Mota: Me Ya Sa Baƙar Roba Ke Koɗewa, Kuma Wane Gyara Ne na Gaskiya

Wani tsohon malamin sakandare a Kano ya yanke shawarar rabuwa da motarsa, Golf 3, wadda ya saya 'yar Kwatano shekara 12 da suka wuce. Bikin autarsa ya matso, kuɗin fansho kuwa ba za su ɗauki nauyin kayan ɗaki ba. Motar ba ta da wani ciwo da ya sani. Bai taɓa barin lokacin juye ya wuce ba, injin yana tashi da murɗawa ɗaya, kujerun kuma tun ranar da ya saye ta suke cikin riga. Ya yi zaton waɗannan abubuwa za su yi magana a madadinsa ranar ciniki.

Dillalin da aka haɗa shi da shi ya zagaya motar sau biyu kafin ya ko buɗe bonet. Ya tsaya a gabanta, ya shafa bamba da tafin hannu, ya dubi farin da ya maƙale masa.

"Malam, inji kam babu laifi. Amma mai saye da ido yake fara saye. Dubi bambar nan, ta yi furfura."

Haka kuwa abin yake. Bambar gaba da ta baya, da doguwar robar da ta bi jikin ƙofofi, da bayan maduban gefe, da robar da ke ƙarƙashin waifa, duk sun bar baƙinsu na asali sun koma kalar toka, wasu wuraren ma fari-fari. Malam ya daɗe yana ganinsu haka, sai dai abin da ke canzawa a hankali ido ba ya lura da shi.

A wajen wankin mota wani yaro ya ce masa, "Baba, ba ni minti 10 kawai." Ya ɗauko wata gora da ba ta da rubutu, ya tsiyaya abin da ke ciki a tsumma, ya bi robar kaf. Kafin malam ya gama shan ruwan leda, motar ta koma kamar yau aka sauke ta daga jirgi. A rana ta uku ƙurar hunturu ta manne wa man, bambar ta zama ja-ja. Da aka wanke, furfurar ta dawo, ta kuma zo da dabbare-dabbare.

Abin da ya sami malam yana samun dubban masu tsofaffin motoci, kuma kusan kowa da maganin da zai ba da: baƙin mai, man birki, man gyaɗa, folish ɗin taya, har da wuta. Ba a iya tantance mai amfani daga mai cutarwa a cikinsu sai an san mece ce wannan roba, da abin da rana ta yi mata.

Daga ƙarfe zuwa roba

Waɗanda suka yi wayo a lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa 504 a Kaduna a shekarar 1975 sun san bambar ƙarfe mai ƙyalli. Idan ta lotse a kai wa mai gyaran bodi ya buge ta ta miƙe. Amma tun kafin nan sauyi ya soma a Turai. A 1972 kamfanin Renault na Faransa ya fito da ƙaramar motarsa Renault 5 da bambar roba a gaba da baya. Shekara guda bayan haka, a 1973, farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, masu ƙera motoci suka shiga neman duk hanyar da za ta rage wa mota nauyi. Roba ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, tana lanƙwasa ta dawo idan an ɗan buge ta, kuma ana iya zuba ta a kowace irin siffa.

Robar da ta fi yawa a wannan aiki ita ce folifurofilin, wadda ake taƙaita sunanta da PP. Masanin kimiyyar sinadarai ɗan Italiya Giulio Natta ne ya samar da nau'inta mai ƙwari a 1954, aka fara sarrafa ta don kasuwa a 1957, sannan a 1963 aka ba shi kyautar Nobel tare da Bajamushe Karl Ziegler. Da ita ake yin yawancin kujerun roba na gidan biki da buhunan shinkafa. A bambar mota akan gauraya ta da wata roba mai taushi domin kada ta tsage idan an yi karo, sau da yawa kuma a ƙara mata garin wani farin dutse mai laushi, irin wanda ake yin hoda da shi, domin ta yi tauri. Duk wanda ya kwance bamba ya duba cikinta zai iya ganin haruffa kamar PP ko PP+EPDM an buga su a jiki. Shaidar abin da aka yi ta da shi ke nan.

Fenti ba ya kama PP da sauƙi, fentin kuma ƙarin kuɗi ne. Saboda haka a motocin talakawa na shekarun 1980 da 1990, irin su Golf 3 da aka fara ƙerawa a 1991, akan bar robar tsirara, a cuɗa launin a cikinta tun tana narke. Launin kuwa baƙin kabon ne, wani gari mai laushi ƙwarai, ɗan'uwan kunkunniyar da hayaƙi ke bari a rufin madafa. Shi ne ya sa taya ta zama baƙa. Bayan launi, yana da wani aiki mafi girma: yana shanye hasken da ke lalata roba. Abin da ya sa ke nan tankunan ruwa da ake ɗorawa a saman gidaje da yawansu baƙaƙe ne, kuma bututun ruwa baƙi da ake barinsa a fili yakan ƙunshi kimanin kashi 2 cikin 100 na wannan gari.

Abin da rana ke yi

Roba a zahirinta dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, waɗanda suka sarƙe da juna. Tsawonsu da sarƙewarsu su ne ƙarfinta. A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake taƙaita sunansa da UV. Shi da iskar oksijin suke haɗuwa suna tsinka zaruruwan nan ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙera robar sun san da haka, don haka suke zuba mata sinadaran kariya. Sai dai kariyar tana ƙarewa da shekaru. Idan ta yi rauni, saman robar yakan fara rududdugewa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar butar roba da ta shekara a tsakar gida hannunta ya ɓalle, ko ya zauna a tsohuwar farar kujera ya tashi da fari a bayan rigarsa, ya ga wannan aiki da idonsa.

Zafi yana gaggauta shi. Masana sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa irin wannan lalacewa takan kusan ninka saurinta duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Garin Wolfsburg na Jamus, hedikwatar Volkswagen, yana wajen digiri 52 arewa da tsakiyar duniya. Kano tana wajen digiri 12, inda rana ke tsayawa kusan a tsakar ka, kuma a watan Afrilu zafin iska kan haura digiri 40. Baƙin abu da aka bari a irin wannan rana yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba. Motar da ta yi shekaru a Turai ta riga ta ci wani kaso na kariyarta kafin a ɗora ta a jirgin ruwa, sannan ta zo ta ƙarasa rayuwarta a inda aka fi buƙatar kariyar.

Abin mamaki shi ne baƙin bai tafi ko'ina ba. Baƙin kabon yana cikin launukan da rana ba ta iya koɗar da su. Idan aka kankare saman tsohuwar bamba da wuƙa, ƙasa da kaurin farce za a tarar da baƙi wuluk. Abin da ya canza shi ne fatar sama. Ta cika da ƙananan tsage-tsage da ramuka, garin farin dutsen nan kuma ya fito fili. Haske idan ya faɗa wa wuri mai kaushi irin wannan yakan watse ta kowace fuska, ido kuma ya ga fari. Haka gilashi yake: yana garau, amma idan aka daka shi ya zama gari sai ya koma fari.

Misali mafi kusa shi ne ƙafar yaro a lokacin hunturu. Takan yi furu-furu, a shafa mata mai ta dawo baƙa nan take, domin man ya cike tsagar da ke watsa haske. Wannan shi ne duk sirrin gorar yaron wankin mota. Ko ruwa aka watsa wa bambar za ta yi baƙi har ya bushe. Inda misalin ya tsaya shi ne fatar mutum tana sabunta kanta daga ƙasa. Roba ba ta yin haka. Abin da ya tsinke ya tsinke.

Mai, wuta, ko launi

Kafin a zargi rana, ya kamata a fara wanke robar sosai da omo da buroshi mai laushi, a bar ta ta bushe. Wani farin ba lalacewa ba ne. Ragowar folish ɗin fenti ne da ya maƙale a gurzajjen jikin roba, ko busasshen sabulu, ko gishirin ruwan rijiya. Irin wannan yakan fita da wanki da ɗan sifirit a tsumma. A Amurka ma masu motoci sun daɗe suna cire irin wannan folish da niƙaƙƙiyar gyaɗa, domin man da ke cikinta yana narkar da shi. Idan an wanke, an goge, furfurar tana nan, to rana ce, kuma hanyoyin da ake bi uku ne.

Hanya ta farko ita ce shafa mai. Ita ce mafi araha, mafi sauri, kuma mafi gajeren kwana. Babu wani mai da ke haɗa zaren da ya tsinke. Yana zama a cikin tsagar har rana ta busar da shi ko ruwa ya wanke shi, kafin nan kuma yana kama ƙura. Wasu mayukan suna barin ɓarna a bayansu. Man birki yana cin fenti, ɗigo ɗaya da aka manta a jikin ƙofa ya isa ya tayar da shi. Baƙin mai yana kumbura robar da ke kewaye da ƙofofi da gilasai, wanda aka juye daga inji kuma yana ɗauke da dattin da ke cutar da fatar mai shafawa. Man gyaɗa yakan yi ɗanko ya yi hamami. Folish ɗin taya mai silikon shi ne mafi sauƙin illa, yana iya kai mako biyu ko uku, amma masu fenti ba sa ƙaunarsa, domin duk inda ya taɓa sabon fenti yakan ƙi kwanciya, ya fito da ƙananan ramuka.

Hanya ta biyu ita ce wuta. Ana bin robar da na'urar hura iska mai zafi, wasu ma da harshen gas, sai a ga baƙi yana bin hannu kamar sihiri. Akan ce zafin ne ke jawo man da ke cikin robar zuwa sama. Babban abin da ke faruwa shi ne fatar da ta tsattsage tana narkewa ta sake haɗewa, tunda PP takan narke a wajen digiri 160 zuwa 165. Wannan baƙin ya fi na mai daɗewa, yana iya yin watanni. Amma na'urar tana iya kaiwa digiri 500, kuma tsakanin gyara da ƙuna daƙiƙa ɗaya ce. Hannun da ya tsaya wuri guda zai bar sheƙi ko lotsawa, wanda ya yi sauri zai bar zane-zane, fentin da ke kusa kuma yana iya ƙonewa. Babban aibinta shi ne ba ta ƙara wa robar kariya ko kaɗan, tana ma ƙona ragowar da ke akwai. Furfurar takan dawo, kuma kowane zagaye na wuta yana barin robar ta fi da gautsi.

Hanya ta uku ita ce a mayar wa fatar abin da ta rasa, wato launi da kariya. Akwai ruwan rini da ake yi musamman don robar mota, wanda ya ƙunshi baƙin kabon da wani abu mai riƙe shi. Dabarar ɗaya ce da ta tawadar allo, inda ake haɗa baƙin gawayi da ƙaro domin ya kama. Ruwan yana shiga tsagar ya bushe a ciki, baƙin da ke cikinsa kuma ya ci gaba da tare hasken UV. Nasararsa tana ga shiri. A wanke robar har sai babu ɗigon tsohon mai, a goge da sifirit, a bar ta ta bushe ƙarau, a rufe fenti da gilashi da salatif, a shafa siriri da soso a inuwa lokacin da robar ta huce, a goge rarar, sannan a hana ta ruwa na kwana guda. Idan an yi haka yakan yi watanni masu yawa kafin a sake. Akwai kuma wani ruwa garai-garai da ke bushewa ya zama siririyar fata mai tauri, wanda ake iya ɗorawa a sama domin ƙarin kariya.

Wanda ke son abin da ya fi wannan daɗewa sai fenti. Nan ne mutane da yawa ke asara, domin sukan fesa fentin gwangwani kai tsaye, bayan wata guda ya fara ɓawo yana zubewa. Mai fentin da ya san aikinsa yakan kwance robar daga jikin mota, ya gurje matacciyar fatar da samfefa mai laushi, ya fesa firaimar roba wadda ke sa fenti ya kama PP, sannan ya ɗora baƙin fenti mara sheƙi mai iya lanƙwasa. Aikin yini biyu ne, kuma ya fi sauran tsada.

Akwai kuma matakin da babu gyara. Idan aka danna robar da babban yatsa ta yi ƙara, ko gefenta yana gutsurewa, ko ƙugiyoyin da ke riƙe ta sun kakkarye, to lalacewar ta wuce fata ta shiga jiki. Rini zai sa ta yi kyau, amma ba zai hana ta tarwatsewa ba ranar da ɗan adaidaita ya goge ta. Maganinta sai a nemi wata a kasuwar kayan mota, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a kuma lanƙwasa ta a hannu kafin a biya kuɗi.

Tsakanin gyara da ɓoyewa

Furfurar roba tana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Shaida ce ta yawan ranar da mota ta sha. Hasken da ya ci bamba shi ne ya ci robar ƙofofi da ke hana ruwa shiga, da gilashin fitilun gaba da kan yi rawaya ya rage haske da dare, da dashbod, da gefen tayoyi. Mai saye mai hankali idan ya ga bamba ta yi fari ya san inda zai duba. Zai bi robar gilashi da yatsa, ya duba tsagar gefen taya, ya karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikinta, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Man da aka shafa da safiyar ranar ciniki yana share wannan shaida na kwana uku, daidai lokacin da ake buƙata a karɓi kuɗi a rabu. Gane shi ba wuya. A goga farin tsumma a jikin bambar. Idan ya fito da maiƙo, an san abin da aka yi.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Babu laifi mai kaya ya wanke hajarsa ya kyautata ta kafin ya kai kasuwa. Tambayar da ke raba gyara da algus ita ce ko abin da aka yi zai amfani wanda zai karɓi motar, ko kuwa an yi shi ne don kada ya ga abin da yake da haƙƙin gani. Rini da fenti suna ci gaba da kare robar a hannun sabon mai ita. Mai kuwa aikinsa yana ƙarewa da ƙarewar ciniki.

Malam bai san sunan Natta ba, amma shekara 35 da ya yi yana duba takardun jarrabawa sun koya masa bambancin amsar da aka fahimta da wadda aka kwafa. Da dillalin ya kira ya ce akwai mai zuwa gani ranar Asabar, ya kuma ba shi shawara ya koma wajen yaron nan da sassafe, sai ya ce a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Ya kai motar wajen wani mai fenti da ya taɓa koyar da ƙaninsa. Mai fentin ya danna robar nan da can, ya ce ta ƙofofi da ta baya rini zai ishe su, ta gaba kuwa gefe ɗaya ya mutu.

"Malam, wannan ko na yi mata fenti, kai da ni mun san abin da ke ƙasa."

Aka samo wata bambar ta hannu. Kafin rinin ya kama sauran sai da aka wanke su sau uku, domin man da aka shafa a minti 10 ya shige kowace tsaga.

Mai sayen matashi ne da ke son fara jigilar fasinja tsakanin Kano da Wudil. Malam ya nuna masa bambar da aka canza da robar da aka rina, ya gaya masa bayan wasu watanni sai ya sake shafawa, ya kuma nuna masa tayar baya ta hagu wadda shekarunta suka ja. Matashin ya rage kuɗin taya ɗaya daga farashin, malam bai yi gardama ba. Da zai ba shi makulli ya miƙa masa ragowar kwalbar rinin, ya ce, "Ɗana, idan ka sami inuwa ka riƙa ajiye ta a ciki. Ni ban yi ba, ka ga abin da ya jawo."